Me ya sa atisayen HIIT ke karɓar wani, bai karɓi wani ba?

Tambaya: Ni da abokina mun yi mako 8 muna atisayen HIIT (atisayen zango-zango, inda ake yin ɗan lokaci na tsanani a bi shi da ɗan sassauci, a yi ta maimaitawa) tare, sau 3 a mako, tsari ɗaya, lokaci ɗaya. Shekarata 35, shi ma kusan haka. Da muka fara, kowannenmu yana cin kusan mita 2,200 a gudun minti 12. Yanzu shi ya kai 2,480, ni kuwa 2,250. An ce mini akwai mutanen da jikinsu ba ya amsa atisaye saboda ƙwayoyin gado. Gaskiya ne? Kuma ya kamata in sayi gwajin DNA irin wanda ake tallatawa a intanet?

Amsa: Ɗan'uwa, gado yana da hannu a wannan lamari, hannu mai nauyi ma. Sai dai alƙaluman da ka kawo ba su kai su tabbatar da cewa shi ne ya riƙe maka ƙafa ba. Gwajin DNA kuwa, ka bar kuɗinka a aljihu. A inda ilimi ya tsaya yau, babu gwajin yawu ko na jini da zai gaya maka nawa za ka ƙaru idan ka yi atisaye. Bari in bi maka dalilan, sannan mu dawo kan mita 50 ɗinka.

Abin da masana ke aunawa idan ana maganar ƙarfin numfashi shi ne VO2max, wato iyakar iskar oksijin da jiki zai iya ɗauka ya yi aiki da ita cikin minti ɗaya, lokacin da mutum ke bakin ƙoƙarinsa. Ana faɗinsa da lita a minti, ko da mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a minti. Namiji matashi da ba ya motsa jiki yakan faɗo tsakanin maki 35 da 45 a ma'aunin mililita ga kilo, zakarun gudun dogon zango da na tseren keke kuwa sukan haura 70.

Wannan adadi sakamakon sarƙa ce mai tsawo. Huhu ya shigo da iska, jini ya ɗauka, zuciya ta tura, ƙananan jijiyoyi su kai cikin tsoka, mitokondiriya, wato ƙananan injinan samar da kuzari da ke cikin tsokar, su ƙona. Ƙololuwar bugun zuciya ba ta ƙaruwa da atisaye, wani lokaci ma takan ɗan sauka. Don haka ƙaruwar tana zuwa ne daga yawan jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya, da yawan jinin da ke jiki gaba ɗaya, da jimlar himogulobin (sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, kowane giram ɗaya yana ɗaukar mililita 1.34 na oksijin), da yawan ƙananan jijiyoyi da mitokondiriya. Kowannensu da saurinsa. Ruwan jini yana ƙaruwa cikin 'yan kwanaki, sinadaran mitokondiriya cikin kamar mako 2, jajayen ƙwayoyin jini sai an yi makonni, girman ɗakunan zuciya kuwa sai watanni. Kowace mahaɗa a sarƙar nan tana ƙarƙashin ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa. Ka riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa neman "ƙwayar gadon juriya" guda ɗaya ya ci tura.

Maganar da aka gaya maka ta samo asali ne daga binciken HERITAGE, wanda Claude Bouchard da abokan aikinsa suka fara a 1992 a wasu jami'o'in Amurka da Kanada. A rahotonsu na 1999 sun kawo mutum 481 daga iyali 98, iyaye da manyan 'ya'yansu, dukansu ba masu motsa jiki ba. An ɗora su a keken atisaye sau 3 a mako har mako 20, an fara da minti 30 a kashi 55 cikin 100 na ƙarfinsu, aka kai su minti 50 a kashi 75. Matsakaicin ƙaruwa ya kai kusan mililita 400 a minti, wajen kashi 19 cikin 100. Amma wasu kusan ba su motsa ba, wasu kuwa sun ƙaru da fiye da lita guda. Abin da ya ja hankali shi ne, masu ƙaruwa sosai sun taru a wasu gidaje, marasa ƙaruwa ma haka. Bambancin da ke tsakanin iyali da iyali ya ninka na cikin gida ɗaya sau 2 da rabi. Daga nan aka fitar da cewa gado na iya kai kashi 47 cikin 100 na bambancin amsa atisaye, kuma ɗaya daga cikin lissafinsu ya nuna wani kaso yana biyowa ta wajen uwa, abin da ya dace da cewa DNA na mitokondiriya daga uwa kaɗai ake gadonsa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wannan kashi 47 ana yawan yi masa mummunar fahimta. Ba ya nufin rabin abin da kai za ka samu an riga an rubuta shi. Magana ce a kan taron jama'a: idan aka tambaya me ya sa mutanen nan suka bambanta da juna, to har kusan rabin bambancin yana bin dangi. Kuma iyakar sama ce, domin 'yan gida ɗaya ba ƙwayoyin gado kaɗai suka haɗa ba, sun haɗa cima da ɗabi'ar barci da yanayin zama. Wani abu kuma da binciken ya nuna: inda mutum ya fara daban, yadda zai ƙaru daban. Ana iya farawa ƙasa a ƙaru sosai, ana iya farawa sama a tsaya cik. Sannan, abin da ya fi shafarka, HERITAGE ba atisayen zango-zango aka yi ba. Tuƙin keke ne na bai-ɗaya a matsakaicin ƙarfi.

Hujjar da ta fi ƙarfi cewa gado na da tasiri ta fito ne daga ɓeraye. Lauren Koch da Steven Britton a Jami'ar Michigan sun riƙa sa ɓeraye atisaye a injin gudu, su haɗa waɗanda suka fi ƙaruwa da junansu, waɗanda suka fi kasawa ma da junansu. Bayan zuriya 15, layin farko yana ƙara nisan gudu da kusan mita 223 bayan atisayen mako 8, layi na biyu kuwa nisansa raguwa yake yi da kusan mita 65. Abinci ɗaya, keji iri ɗaya. Babu mai musun cewa ana gadon wannan sifa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce ko za a iya karanta ta a jikin mutum guda.

An gwada. A 2011 ƙungiyar Bouchard ta duba gurabe 324,611 a DNA na mutum 473 daga cikin mahalarta HERITAGE, irin guraben da harafi ɗaya ke bambanta tsakanin mutum da mutum. Suka ware gurbi 21 da suka ce sun bayyana kashi 49 cikin 100 na bambancin. Waɗanda ke ɗauke da kwafi 9 ko ƙasa da haka na nau'in da ke taimako sun ƙaru da mililita 221, masu kwafi 19 ko fiye sun ƙaru da 604. Gurbin da ya fi tasiri yana cikin ƙwayar ACSL1, mai aiki wajen sarrafa kitse, kuma shi ma kusan kashi 6 kawai ya ɗauka. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Matsalar ita ce duk wanda ya tace gurabe sama da 300,000 a kan mutanen da ba su kai 500 ba, dole ya ci karo da waɗanda suka dace da sakamakon bisa katari kawai. Gwajin gaskiya shi ne a ɗauki jerin a kai shi kan wasu mutane daban. Da aka yi hakan, ƙarfin hasashen ya zube. Wani nazari na 2017 ya tattara ƙwayoyin gado 97 da aka taɓa dangantawa da ƙaruwar VO2max, 13 kacal ne wasu masu binciken suka sake samu.

Game da HIIT kansa, babban yunƙurin shi ne binciken Predict-HIIT na 2021, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Queensland a Ostireliya, mai mutum 507. Babu gurbi ko ɗaya da ya kai matakin tabbacin da ake buƙata, kuma ma'aunin hasashen da suka haɗa bai iya rarrabe masu ƙaruwa da marasa ƙaruwa ba a sabon rukuni.

To me kamfanonin gwaji ke sayarwa? Galibi gurabe kaɗan ne da suka yi suna tun shekarun 1990 da farkon 2000: ACE, wanda aka danganta wani nau'insa da masu hawan manyan duwatsu a 1998, ACTN3, wanda kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samar da furotin ɗinsa a tsokar saurin motsi, da PPARGC1A mai hannu a gina mitokondiriya. Kowannensu gaskiya ne yana aiki a jiki, amma tasirinsa ɗan mitsitsi ne, sakamakon bincike a kansa kuma yana karo da juna. Ƙari a kan haka, yawancin binciken a kan Turawa aka yi shi, don haka ɗan ƙarfin da hasashen ke da shi yana ƙara raguwa ga wanda asalinsa ba can ba ne. Tun 2015 gungun ƙwararru kan likitancin wasanni suka fitar da matsaya cewa irin wannan gwaji ba shi da gurbi wajen zaɓen 'yan wasa ko tsara atisaye. A ganina, takardar da ta ce maka "kai mai juriya ne" ko "kai mai ƙarfi ne" ba ta fi shaci-faɗi ba, illa dai tana da tambari mai kyau.

Akwai inda ƙwayar gado ɗaya ke yin abin mamaki, amma da wuya. Eero Mäntyranta, ɗan tseren ƙanƙara na Finlan da ya ci lambar Olamfik 7 tsakanin 1960 da 1968, an gano a 1993 cewa danginsa na ɗauke da sauyi a ƙwayar da ke karɓar saƙon EPO, sinadarin da ke umartar jiki ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Himogulobin ɗinsa ya haura giram 20 a desilita, alhali na yawancin maza tsakanin 13.5 ne da 17.5. Irinsa ba a cika samu ba. Sauranmu kuwa, ɗaruruwa ko dubban ƙananan bambance-bambance ne ke haɗuwa, wannan ya ja sama, wancan ya ja ƙasa.

Yanzu ga ɓangaren da ba a gaya maka ba. Masu sukar HERITAGE, musamman Greg Atkinson da Alan Batterham a Ingila, sun nuna cewa babu rukunin kwatance a cikinsa, wato mutanen da za a auna sau biyu ba tare da sun yi atisaye ba. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Idan ka auna VO2max na mutum yau, ka sake aunawa jibi, za ka iya ganin bambanci har kusan kashi 5 cikin 100 ba tare da komai ya sauya a jikinsa ba: barci, zafin rana, kuzarin ranar, saitin na'ura. Wanda aka auna a ranarsa mai kyau da farko, aka auna a mummunar rana a ƙarshe, sai a rubuta shi cikin "marasa amsawa". Ko da kowa ya ƙaru daidai wa daida, hoton sakamakon zai fito a warwatse.

Sannan aka zo aka gwada abu mafi sauƙi, wato ƙara yawan atisayen. David Montero da Carsten Lundby a Suwizalan, 2017: mutum 78, an kasa su 5, daga masu yin awa 1 a mako zuwa masu awa 5, tsawon mako 6. Marasa ƙaruwa sun kai kashi 69 a rukunin awa 1, kashi 40 a na awa 2, kashi 29 a na awa 3, babu ko ɗaya a na awa 4 da 5. Aka ɗauki waɗanda ba su ƙaru ba, aka ƙara musu awa 2 a mako na wani mako 6, dukansu suka ƙaru. Abin da ya fi tafiya tare da ƙaruwar shi ne jimlar himogulobin. Robert Ross a Kanada ya ga makamancin haka a 2015 ta fuskar tsanani: bayan mako 24, kashi 38.5 ba su ƙaru ba a rukunin atisaye kaɗan mai sauƙi, kashi 17.6 a rukunin mai yawa mai sauƙi, babu kowa a rukunin mai yawa mai tsanani. Binciken tagwaye na STRUETH a birnin Perth, 2020, ya sa tagwaye sun yi wata 3 na atisayen juriya da wata 3 na ɗaga ƙarfe. Ya samu tasirin gado a kan amsawar bai kai yadda ake zato ba, kuma yawancin wanda nau'i ɗaya bai karɓa ba, ɗayan ya karɓe shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Idan aka haɗa duka, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne: gado yana shafar yawan atisayen da jikinka ke buƙata kafin ya motsa, da saurin motsin, da inda zai tsaya. Lafiyayyen mutum da ba ya amsa kowane irin atisaye a kowane adadi kuwa, abu ne mai wuyar samu.

Mu dawo kan alƙalumanka. Gudun minti 12 gwajin Kenneth Cooper ne na 1968, lissafinsa kuma shi ne: ka cire 504.9 daga mitocin da ka ci, ka raba da 44.73. Mita 2,200 ta ba da kimanin VO2max na maki 37.9. Taka ta yanzu, 2,250, ta ba da 39.0. Ta abokinka, 2,480, ta ba da 44.2. Wato kowace mita 45 daidai take da maki 1. Kashi 5 cikin 100 na 38 kusan maki 2 ne, wajen mita 85. Mita 50 ɗinka tana cikin wannan hazo, ba ta ce ka ƙaru ba, ba ta ce ba ka ƙaru ba. Ta abokinka ma ina shakkar duka daga zuciya ta fito. Mutum yakan ƙara nisa a gwaji na biyu don kawai ya koyi raba ƙarfinsa a kan minti 12, kuma idan ya rage ƙiba lissafin zai hau ko da zuciyar ba ta sauya ba: lita 3.0 a jikin mai kilo 80 maki 37.5 ce, a jikin mai kilo 76 kuwa 39.5.

Abu na biyu, ka ce tsarinku ɗaya. A agogo ɗaya ne, a cikin jiki ba lallai ba. Idan kun yi amfani da lissafin ƙololuwar bugun zuciya na 220 a cire shekaru, ku duka kun samu 185, kashi 90 ɗinta kuma 167. Amma wannan lissafi yakan kauce da bugu 10 zuwa 12 sama ko ƙasa, ita ma ƙololuwar bugun akwai gado a cikinta. Idan taka ta gaskiya 197 ce, bugu 167 kashi 85 ne kawai a gare ka. Idan ta abokinka 173 ce, shi yana kashi 96. Kuna gudu kafaɗa da kafaɗa, amma atisaye biyu kuke yi. Idan kuma gudu ɗaya kuka ɗaure wa kanku, matsalar tana nan ta wata fuska, domin saurin da ke sa wani haki wani bai ko fara zufa ba.

Sai nau'in HIIT ɗin, wanda ba ka faɗa ba. Sunan ya zama rumfa, kowa na shiga. Tsarin Izumi Tabata na 1996, daƙiƙa 20 aiki da daƙiƙa 10 hutu sau 7 zuwa 8, a kan keke aka yi shi a kashi 170 cikin 100 na ƙarfin VO2max, kuma ya ƙara maki 7 cikin mako 6. Tsalle-tsallen da ake yi a bidiyo da sunansa bai kama ƙafar wannan tsanani ba. Idan burin shi ne VO2max, dogayen zango sun fi tabbas. Wani nazari na 2013 da ya haɗa bincike 37 ya samu matsakaicin ƙaruwar lita 0.5 a minti, amma waɗanda suka yi zangon minti 3 zuwa 5 sun kai 0.8 zuwa 0.9. Dalili shi ne zuciya tana buƙatar minti 1 zuwa 2 kafin ta kai inda take cika sosai ta tura sosai. Zangon daƙiƙa 20 da dogon hutu yana dukan tsoka ne, ya ƙare kafin zuciyar ta iso.

Ga yadda za ka gwada kanka da kyau. Fara da aunawa sau 2, kwana 3 tsakani, fili ɗaya, lokaci ɗaya na yini, ba tare da atisaye mai tsanani a jajibirin ba, ka ɗauki matsakaici. Ka haɗa da awo na biyu wanda ba ya dogara da ƙwazon ranar: minti 6 a sauri ƙayyadadde, misali kilomita 9 a awa, ka rubuta bugun minti na ƙarshe. Idan ya sauka da bugu 5 ko fiye bayan makonni, jiki ya amsa, ko me gudun minti 12 ya ce. Na'urar da ake ɗaurawa a ƙirji ta fi agogon hannu gaskiya idan bugu yana hawa da sauka da sauri. Don sanin ƙololuwarka ta gaskiya, idan lafiyarka ƙalau, ka ɗumama jiki minti 15, ka hau gangare da gudu minti 2 zuwa 3 sau 3, na ƙarshe ka ba da duk abin da ke gare ka, ka ɗauki adadi mafi girma da ka gani.

Atisayen kuwa, ka ɗauki tsarin 4 sau 4 na masu binciken Trondheim a Nowe, wanda a rahoton Jan Helgerud na 2007 ya ƙara VO2max da kashi 7.2 cikin mako 8, jinin bugu ɗaya kuma da kusan kashi 10. Ɗumi minti 10. Zango 4, kowanne minti 4, a kai bugu kashi 90 zuwa 95 na ƙololuwa. Tsakaninsu minti 3 na sassarfa a kusan kashi 70, ba tsayawa ba, domin idan ka tsaya bugun zai faɗi ƙasa sosai, zango na gaba ya ƙare wajen sake hawa. Minti 5 na hucewa. Duka minti 40. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba ƙarfi duka a zangon farko, a zo na uku da na huɗu ana jan ƙafa. Ma'aunin daidai shi ne nisan zango na huɗu ya yi daidai da na farko, ka gama kana jin za ka iya ƙara minti ɗaya, ba biyu ba, kuma a cikin zangon ba ka iya furta fiye da kalma 2 ko 3. Kada ka kori bugun a mintin farko. Bar shi ya hau da kansa. Daga minti 16 na aiki, idan ka samu 8 zuwa 10 sama da kashi 90, ka yi abin da ake so.

Bayan mako 8 ka sake awo sau 2. Idan matsakaicin bai haura mita 90 zuwa 100 ba, bugun saurin ƙayyadadde ma bai sauka ba, ka sauya abu ɗaya tak. Na farko da za ka taɓa shi ne jimlar lokaci: ƙara fita 2 a mako, minti 45 zuwa 60 kowace, a saurin da za ka iya hira. Kada ka ƙara rana ta huɗu ta tsanani. A wani bincike a Stockholm a 2021, da aka kai mutum 11 minti 152 na HIIT a mako guda, aikin mitokondiriyarsu ya ragu da kusan kashi 40, ƙwazonsu kuma ya daina hawa. Sau 2 zuwa 3 a mako, da aƙalla awa 48 tsakani, ya wadatar. Idan zagaye na biyu ma bai yi ba, sauya nau'i: minti 1 aiki, minti 1 sassauci sau 10, ko ka koma keke daga gudu.

Kafin a ɗora wa gado laifi, akwai abubuwan da ke kama da shi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini shi ne kan gaba, tunda ba a gina himogulobin sai da shi. Awon feritin (ma'aunin ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki) ƙasa da 30 alama ce, ko da awon jini na yau da kullum ya fito daidai, kuma ya fi yawa ga mata masu haila da masu ba da gudummawar jini akai-akai. Kada a sha maganinsa sai an auna, domin yawansa ma cuta ne. Sai rage cin abinci da tsanani lokaci guda da atisaye, barcin da bai kai awa 7 ba, jinyar kwanan nan, da magungunan hawan jini masu rage bugun zuciya, waɗanda ke ɓata duk lissafin kashi da na kawo.

Ko ka gyara duka, mai yiwuwa abokinka ya ci gaba da fin ka ƙaruwa. Wannan ragowar bambancin, shi ne na gado. Amma VO2max ba shi kaɗai ke sauyawa ba. Niels Vollaard da abokansa sun nuna a 2009 cewa mutanen da VO2max ɗinsu bai hau ba sun inganta a gwajin tsere da sinadaran tsoka. Hawan jini, sikari da kitsen jini kowanne da hanyar amsawarsa, wanda ya yi jinkiri a ɗaya yakan yi sauri a wani. Ƙaramar ƙaruwa ma ba banza ba ce: nazarin Kodama na 2009 ya danganta kowane ƙarin maki 3.5, wato kusan mita 155 a gwajinka, da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 13 cikin 100.

Akwai dai tambayoyin gado guda biyu da suka cancanci kuɗinka, kuma a asibiti ake amsa su. Ta farko tarihin zuciya ne a dangi. Ciwon kaurin tsokar zuciya da ake gada yana samun kusan mutum 1 cikin 500. Idan wani na kusa ya rasu farat ɗaya kafin shekara 50, ko ka taɓa suma, ciwon ƙirji ko bugu mara tsari yayin motsa jiki, sai likita ya duba ka da awon zuciya kafin ka taɓa gwajin gangare ko 4 sau 4. Ta biyu rukunin jini na sikila. Mai AS yana iya atisaye har ya zama zakara, amma haɗarin narkewar tsoka ya fi yawa gare shi idan tsananin gudu ya haɗu da zafi, ƙishirwa ko tsauni mai tsawo. Binciken sojojin Amurka na 2016 ya nuna ƙarin kashi 54 cikin 100. Irin wannan mutum ya hau tsanani a hankali cikin makonni, ya tsawaita hutun tsakanin zango, ya bar gwajin "har sai na faɗi". Idan ƙafafu suka yi laushi ko ciwo na daban tsakar gudu, a tsaya nan take. Idan fitsari ya koma baƙi-baƙi bayan atisaye, asibiti za a tafi a ranar, ko mutum AS ne ko ba shi ba.